Idanun Mai Kwala Bayan Azahar

A gidan wankin da ke bayan tashar mota, wanda ke karɓar kayan otal-otal da na asibitoci, an yi wata mata da ake kira Mai Kwala. Sunan ba na banza ba ne. In ta ɗora dutsen guga a wuyan riga, ta ja shi sau ɗaya daga wannan kunne zuwa wancan, sai kwalar ta miƙe tsaye kamar an daka mata tsawa. Daga baya an laƙaba mata wani sunan da ya fi wannan yaɗuwa, amma ni ba zan kira ta da shi ba sai inda ya zama dole, don ba na son in sa hannuna a cikin zaluncin.

Mahaifiyarta ma wankau take yi, kuma abu biyu ta bar mata gado. Na farko, kada ki bari a jira ki. Na biyu, kada ki je gaban mutane a yamutse, ko da kuwa cikinki na ci da wuta. Da waɗannan biyun ta girma, da su ta yi aure, da su kuma ta riƙe kanta ranar da aka zo mata da labarin motar kayan da mijinta ke tuƙawa ta kife. Ya bar ta da 'ya ɗaya, yarinyar ko yaye ba a yi ba. Da ta gama zaman makoki, sai ta ɗaure zani ta je neman aiki, kuma tun kafin mai gadi ya buɗe ƙofa tana tsaye a bakinta.

A ranar aka ɗauke ta tare da wata mai surutu da ake kira Doguwa. Tebur ɗaya aka ba su, wannan a kai, wannan a ƙarshe. Doguwa ba ta iya kwala ba, Mai Kwala kuma ba ta iya faɗa ba, sai suka raba aikin: ita ta gyara wa Doguwa wuyan riga, Doguwa ta rama mata in an taka ta. Kwano ɗaya suke buɗewa da rana. Lokacin da Doguwa ta haihu, Mai Kwala ce ta kwana da ita a asibiti, kuma yaran sun tashi suna ce mata Gwaggo ba tare da sun san babu jini a tsakani ba. In kana neman abin da matar nan ta mallaka a duniya bayan 'yarta, to sunanta ne a ɗakin guga, da kuma Doguwa.

Ɗakin gugar dogo ne, layi biyu. Maza suna gefen tagogi, inda iska ke shigowa. Mata suna gefen bango, bayansu na jingine da bututun tururi, har rigarsu kan manne da fata tun kafin rana ta yi tsaka. Riga iri ɗaya suke gogewa, zanin gado iri ɗaya suke ninkewa, amma in wata ya ƙare ba ɗaya suke ɗauka ba. Dalilin da ake bayarwa shi ne akwai wani injin matse kaya a ƙarshen layin maza, don haka su ma'aikatan inji ne. Injin kuwa ya fi kwana a lalace. Doguwa kan ce, "Wannan injin ai waliyyi ne, yana kwance yana ciyar da mutane." A yi dariya, a ci gaba da guga.

Shugaban ɗakin ana ce masa Mai Usur, don ba ya kiran mutum da baki, sai da usur. Ba mugu ba ne can can, mutum ne dai da ya yarda cewa duk abin da idonsa ya gani shi ne gaskiya, kuma irin waɗannan sun fi mugaye wuyar sha'ani.

Abin ya fara mata ne bayan 'yarta ta shiga sakandare. Da safe takan zo garau, hannunta na gudu, kafin wasu su gama gaisuwa ta tara riguna a rataye. Amma da zarar azahar ta gota, sai fatar idonta ta hagu ta fara saukowa. Ba barci take ji ba ko kaɗan, hankalinta yana nan sarai, tana jin kowace magana da ake yi a ɗakin. Idon ne kawai ya ƙi tsayawa. Bayan wasu watanni na dama ya bi sahu. Sai ta koma ɗaga haɓa sama tana leƙen riga ta ƙarƙashin ido, daga baya wuyan ma ya fara ƙin ɗaukar kan. Layin maɓallai ya riƙa zame mata biyu. Dutsen gugar da take wasa da shi da safe, da la'asar sai ta haɗa hannu biyu.

Ba ta yi sakaci ba, kada wani ya ɗora mata wannan. Ta je ɗakin shan magani na ma'aikata, ta je asibitin unguwa, ta je babban asibiti, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai dai ga yadda take zuwa. In gobe za ta ga likita, yau za ta kwanta da wuri. Da asuba ta yi wanka, ta goge kayanta da kanta, ta sa kwalli, ta kama hanya, kafin masu shara su gama ta riga ta zauna a kan bencin farko. Ita ke fara shiga. Likita ya ɗago kai ya ga mace tsaf, ido tar, baya a miƙe, murya a sake.

"Mama, me ke damunki?"

"Gajiya ce, likita. Da yamma idona kan yi nauyi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ya haska mata ido, ya auna jini, ya ce ta matse masa hannu, ta matse har ya yi dariya. Wani ya ce ƙarancin jini, wani ya ce ta rage tunani, wani ya tura ta wurin masu tabarau. Ta sha ƙwayoyin ƙarin jini har ta gaji. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ita ba ɓoyewa take yi ba. Ciwon ne ba ya zuwa da safe, ita kuma ba ta san yadda ake makara ba.

A ɗakin guga kuwa tuni an yanke hukunci. Wani daga layin maza ne ya fara cewa, "Gyangyaɗi ta fara sallama," sai sunan ya kama kamar wutar kara. Mai Usur kan tsaya a bayanta ya busa mata a kunne, ta zabura, a kwashe da dariya. In ta buɗe baki za ta yi bayani, a lokacin muryar ma ta riga ta shaƙe, tana fita ta hanci kamar ta mai magagi, sai dariyar ta ƙaru. Doguwa ta yi ta faɗa a kanta. "Ku bar ta mana! Wanda ya yi rabin aikinta na safe ya ɗaga hannu." Amma in sun keɓe sai ta sassauta murya ta ce, "'Yar'uwa, ki gaya min gaskiya, me kike yi da dare?" Wannan tambayar ta fi usur ciwo.

Ana haka sai ga wata budurwa daga jami'a, da jaka a kafaɗa da ƙaramar na'urar ɗaukar murya. Bincike take yi a kan dalilin da ya sa a wuraren aiki da yawa mace kan ɗauki ƙasa da namiji alhali aikin ɗaya ne. Matan suka sa mata 'Yar Jami'a, suka yi ta ja mata kujera. Doguwa ta zuba mata bayani har na'urar ta cika. A karon farko wani daga waje ya tambaye su, kuma ya tsaya ya saurara. Sai rai ya fara kwaɗayi. Aka fara lissafin abin da za a yi in an daidaita albashi.

'Yar Jami'a ta hau sama wurin masu gidan ta tambaye su nasu dalilin. Wannan karon ba su ambaci inji ba, sun san za ta je ta duba. Cewa suka yi, "Ki sauka ɗakin bayan azahar, ki ga yadda layin mata ke aiki."

Ta sauka. Zafi ya yi zafi ran nan. Ta tarar da Mai Kwala kai a langaɓe, ido kusan a rufe, hannu biyu a kan dutse, tana jan sa kamar mai jan buhu. Yarinyar ta matso ta ce a hankali, "Mama, lafiyarki kuwa?"

Mai Kwala ta ji kunya ta rufe ta. Baƙuwa ce, sa'ar 'yar cikinta, ga duk ɗakin an zuba ido. Ta tattara abin da ya rage mata ta ɗaga haɓa ta ce, "Lafiya lau, 'yata."

Ni na san yarinyar nan ba ta ci amanar kowa ba. Abin da ta rubuta ya ce bambancin ba shi da hujja. Amma da yake mai adalci ce, ta sa har da abin da masu gidan suka faɗa, cewa aikin mata kan ja baya da yamma. Da sakamakon ya iso, Mai Usur ya tara ɗakin, ya tsallake duk abin da bai yi masa daɗi ba, ya karanta wannan layin kaɗai, sau biyu. Sannan ya naɗe takardar ya ce, "To kun ji. Ba mu muka faɗa ba, masu ilimi ne." Bai kira suna ba. Bai ma buƙaci ya kira ba, don duk wuyan da ke ɗakin ya juya wuri ɗaya.

Da aka tashi, a wurin canza kaya, babu wadda ta yi mata magana. Ta zauna a benci tana ƙoƙarin ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, hannun ya ƙi kaiwa. Da can Doguwa ce ke ɗaura mata. Ran nan Doguwa ta tsaya a kanta, jaka a hannu, idonta ya yi ja.

"Shekara da shekaru ina tare miki," in ji ta. "Na yi faɗa da maza, na yi faɗa da mata. Rana ɗaya, rana ɗaya tak da muke roƙon ki buɗe ido, kika kasa. Likitoci sun ce lafiyarki ƙalau, ke ma da bakinki kin ce lafiya lau. To mu ce me? Kin kashe mu, wallahi kin kashe mu."

Mai Kwala ta so ta ce wani abu. Harshen ya yi nauyi. Doguwa ta jira kaɗan, ta ga ido a rufe, ta yi tsaki ta fita.

Ba korar ta aka yi ba. Ita ce ta je da sassafe, garau da ita kamar kullum, ta ce ta ajiye aiki. A ranta ta ce, in ni ce hujjar, bari in kau, a ba su haƙƙinsu. Mai Usur har ya ɗan ji wani iri, ya ce, "Ai ba a ce ki tafi ba." Ta ce ta sani. Ta goge teburinta, ta naɗe igiyar dutsen, ta fita kafin Doguwa ta iso.

Zaman gida bai karɓe ta ba. 'Yarta, wadda a lokacin ta fara koyarwa a wata makarantar yara, ita ta ɗauki nauyin gidan. Mai Kwala ta riƙa karɓar gugar maƙwabta tana yi da safe, da rana kuma ta zauna a bakin gado tana kallon ƙasa. Abin da ya fi cin ranta shi ne ita ma ta fara yarda. Tunda masu farar riga sun duba ba su ga komai ba, wataƙila haka ragwanci yake, mai shi ba ya sanin yana da shi. Yaran Doguwa suka daina zuwa gaishe ta. Ba ta yi ƙorafi ba.

Wata rana da yamma ta kurɓi ruwa, ruwan ya dawo ta hanci, ta yi ta tari har ta durƙusa. 'Yarta ta tsorata. Washegari ta ce sai asibiti.

"Na gaji da ba kaina kunya," in ji Mai Kwala. "In je in ɓata musu lokaci, su ce ba komai."

"Umma, don Allah."

"Ki tafi aikinki."

Yarinyar ta tafi, amma da aka tashi daga makaranta ta dawo da mota, ta ce ba za ta sallami direban ba sai Umma ta fito. Haka ta fito, da zanin da ta wuni da shi, ba kwalli, ba komai. A rayuwarta ba ta taɓa fita haka ba. Suka tarar da layi har waje. Suka zauna a bencin ƙarshe, a cikin zafi, mutane na shiga suna fita, har masu shara suka fara jan bokiti. Ita ce ta ƙarshe.

Likitan saurayi ne, ya gaji, ya riga ya rataya jakarsa a kafaɗa zai tafi. Ya ɗago zai yi tambayar da aka saba, sai ya tsaya. Ya ga 'yar ce ke tallafe da haɓar uwar.

"Mama, barci kike ji?"

"A'a," ta ce ta hanci. "Ban taɓa jin barcin ba."

Ya ɗaga yatsa sama ya ce ta kafa masa ido kada ta sauke. Ta yi ƙoƙari, yana kallo fatar idon ta yi ta zamewa har ta rufe. Ya ce ta miƙa hannuwa gaba, suka sauka da kansu. Sai ya leƙa waje ya aika a samo masa ƙanƙara wurin mai sayar da lemo. Ya naɗe ta a ƙyalle, ya ɗora mata a kan ido ɗaya, ya ce ta riƙe. Bayan ɗan lokaci ya cire. Idon ya buɗe tar, ɗayan yana nan a rufe. 'Yar ta saki salati.

"Tun yaushe take haka?"

"Tun ina sakandare."

"Kuma ba a taɓa kawo ta asibiti ba?"

"Ta zo ya fi a ƙirga, likita."

"Da wane lokaci?"

"Ita ke fara shiga."

Likitan ya zauna, ya sauke jakar daga kafaɗa. Ya ce sai an yi gwajin jini kafin ya tabbatar, amma yana zargin wata cuta ce da ba a cika gani ba. Saƙon da jijiya ke aika wa tsoka ne ke raunana gwargwadon yadda aka yi aiki da ita, shi ya sa hutu ke ɓoye ta, aiki da zafi su fito da ita. Ya faɗi sunanta, dogo, baƙo, bai zauna a bakin Mai Kwala ba. Ya ce ba a rabuwa da ita, amma akwai maganin da ke riƙe ta.

Ita duk ba wannan ta ji ba. Ta ce, "Likita, ke nan ba lalaci ba ne?"

"Lalaci? Mama, wanda ya yi aiki da wannan ciwon ai ya fi mu duka ƙoƙari."

Ta yi kuka a gaban baƙon namiji, abin da ko ranar mutuwar mijinta ba ta yi ba.

Gwaji ya tabbatar. Ƙwayar 'yar ƙarama ce fara, in ta sha, kafin ruwan shayi ya huce sai ta ji wuya ya ɗauki kai, ido ya tsaya. Ranar da ta fara ganin faɗuwar rana da ido biyu a buɗe, abu ɗaya ne ya zo mata: Doguwa. Ba aikin take so a mayar mata ba. So take matar nan ta sani.

Ta zaɓi lokacin tashi da gangan. Ta sha magani, ta yi wanka, ta goge kaya, ta sa kwalli, ta je ta tsaya a bakin ƙofar gidan wankin, baya a miƙe. Aka busa usur. Maza suka fara fitowa, yawancinsu sababbi. Sai mata, riguna a jiƙe. Doguwa ce ta ƙarshe, ta rame, ta fara ranƙwafawa.

"'Yar'uwa," in ji Mai Kwala, muryarta sarai.

Doguwa ta tsaya. Ta dube ta daga sama har ƙasa, ta dubi rana da ke shirin faɗuwa, ta dawo ta kafa wa idanun ido. Sauran matan suka dakata.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ashe yana buɗuwa."

"Ciwo ne, Doguwa. An gano shi. Yana da suna, likita ya ce..." Ta nemi sunan, ta kamo farkonsa, sauran ya kuɓuce. "Ba a cika samunsa ba. In mutum ya huta sai ya ɓuya."

"In mutum ya huta," wata daga baya ta maimaita. "Mu ma duk shi ke damunmu." Aka yi 'yar dariya, ba mai ƙarfi ba, dariyar mutanen da suka gaji.

Doguwa ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi.

"An daidaita muku?" Mai Kwala ta tambaya.

"Wa? Kina tafiya suka ce haihuwa ce ke ja mana baya." Ta gyara jakarta. "Na ji daɗi da kika samu lafiya, wallahi. Hutu ya karɓe ki. Ni dai da kin gaya min tun farko kin gaji da aikin ne, da ban zubar da mutuncina ina rantse wa mutane a kanki ba."

"Doguwa, gobe in zo ban sha maganin ba, ki gani da idonki."

"In ga me? Wancan ai na gan shi shekara da shekaru."

Motar ma'aikata ta yi ƙaho. Doguwa ta ce ta gaida yarinya, ta bi sauran da sauri, tana ɗan ɗingishi. Mai Kwala ta tsaya inda take. Ta ga Doguwa ta hau, ta ga ta sami wuri kusa da taga, ta ga ta jingina kai da gilashi ba ta waiwayo ba. Ta so ƙwarai idon ya sauko ya rufe mata wannan, amma maganin mai kyau ne, har motar ta sha kwana tana gani.